Abin da Ke Ƙarƙashin Murhun Kaka Bilki

Asabar, bayan azahar

Sun karɓi kwanon, ba su bar ni na ga mijina ba. Ɗan'auta, mai tsaron ƙofar 'yan sa-kai, ya tona tuwon da tsinke kamar bindiga na binne a ciki. Ya ce, "Matar Malam, ki yi haƙuri, haka aikin yake." Na ce, "Wa ya koya maka rubuta sunanka?" Ya dubi ƙasa, amma bai matsa ba.

Amiru. A nan kaɗai nake faɗin sunansa ba mai cewa ba ni da kunya. Amiru, Amiru. Tun Laraba yana bayan jan ƙyauren nan, wai bincike suke, wai kuma don kare lafiyarsa ne.

Sunan da ake kiransa da shi a kasuwa za ni rubuta shi sau ɗaya, ba za ni ƙara ba: infoma. Kowa a Sabon Birni ya san inda mai wannan suna ke ƙarewa.

Lahadi, hantsi

Bari in tsara abin daga farko yadda marubuta ke yi, ko kaina ya daina juyawa.

Bara aka haɗa ajin Amiru da wani aji a Nepal, ƙasar duwatsu, can bayan Indiya. Kowace Alhamis sai ya ɗaure waya a kan doguwar gora ya kafa a rufin aji, don sabis ɗin Nijar kaɗai ke kamawa. Ya kunna majigi, sai ga yaran can a jikin bango, cikin rigunan sanyi, mu nan muna narkewa. Hantsinmu azaharsu. Malamarsu sunanta Sarita, mai jan ɗigo a goshi, idonta ke fara dariya kafin bakinta. Sau ɗaya na je na tsaya a taga. Na yi mako ina mafarkin an gayyaci Amiru can, ga ni biye da shi cikin farin mayafi, ƙanƙara na sauka a kaina, shi yana kakkaɓe mini.

Ƙa'idarsu ɗaya ce, yara na faɗinta tare kafin a fara: abin da aka nuna tsakanin aji biyu ya tsaya tsakanin aji biyu.

Darasin zangon nan kan ruwan sama ne, yadda ya daina cika alkawari ko'ina a duniya. Aka ce kowane aji ya nuna yadda iyayensa ke adana iri. Su suka nuna masara rataye a bakin rufin ɗaki. Mu kuwa Zahra'u, 'yar Tungar Is'haƙa da ke bayan Gangara, ta ari wayar Amiru ta je gida hutu ta ɗauko kakarta. Tun da aka fara ƙona rumbuna, matan Tunga ke zuba irin gero a tulu, su liƙe baki da yumɓu, su binne can ƙasa da duwatsun murhu, su rufe da toka. Namiji ba ya tona murhun mace. Ko ɓarawo tunaninsa ba ya kai nan. A bidiyon Kaka Bilki na dariya, ba haƙori ko ɗaya, tana cewa, "Ku gaya ma ɗiyan dutse, nan muke ɓoye damina."

Yaran can suka yi ta tafi. Ranar Amiru ya kasa cin abinci don murna.

Sai waɗancan na daji, 'yan bindiga, suka gani. Bayan mazan Tunga sun rantse musu ko tsaba babu a garin. Ba murhun da ba a tone ba.

Sauran ba za ni rubuta ba.

Litinin, la'asar

Na san wanda ya fitar da shi daga aji.

A kan tabarmar nan Safiyatu ta zauna, matar Malam Usaini mataimakin shugaban makaranta, ranar da ta zo aron na uku na littafin da muke bi. Ta miƙo mini wayarta tana fara'a. "Ke Sadiƙa, duba, Malam ya sa a shafinsa, har daga Abuja ana yaba mai." Ga Kaka Bilki, ga tulu, ga rubutu a sama wai shirin da yake jagoranta. Abin da ya ɓata mini rai ranar, wallahi, rashin sunan Amiru ne kawai. Yanzu an goge.

Yau na same ta tana daka. Ba ta ajiye taɓarya ba.

"Wane bidiyo?"

"Wanda kika nuna mini."

"Ni? Sadiƙa, karance-karancen nan sun fara taɓa ki. Ki riƙa addu'a."

Matar da muka yi kuka tare kan mutuwar wani Alhaji da ba a taɓa haifa ba. Na tsaya ina kallon geronta na tsalle a turmi. Na ce, "To ba ni na ukuna." Ta ce ba ta gama ba.

Allah ya sa ki gama, Safiyatu. Allah ya sa ki ga ƙarshe.

Talata, magariba

Kwanon ya dawo yadda ya tafi.

Laraba, bayan azahar

Na samu shugaban 'yan sa-kai na faɗa masa komai. Ya saurare ni yana sakace. Ya ce, "Wayar wa anka ɗauki hoton da ita?" Na ce ta mijina. Ya ce, "To." Na ce amma wanda ya watsa daban. Ya ce, "Kina da shaida, ko son miji na?" Yaransa suka yi dariya.

A littafi da yanzu na bar gari da ƙullin kayana. In yi shekara bakwai a waje, in dawo lauya cikin baƙar mota, gilas a fuska. Malam Usaini ya tsufa ya lalace, ya durƙusa a gaban takalmina bai gane ni ba, sai in cire gilas a hankali. Na sake wannan wurin a raina ya fi a ƙirga. Wani lokaci har hularsa na faɗuwa.

Ba ni da shekara bakwai. Ba ni da gilas.

Na ɗaya da na biyu suna ƙarƙashin filo. An tsaya daidai inda yarinyar ta gano wanda ya yi wa ubanta ƙazafi. Abin da ta yi masa yana gidan Safiyatu.

Alhamis, hantsi

Daga tsakar gida ina hango gorar a rufin makaranta. An kafa ta. Wani ya hau ya kafa gorar mijina, wadda shi ya saro, shi ya fere.

Alhamis, bayan la'asar

Malam Usaini ya zo. Da ƙafarsa, da ledar lemu. Ya tsaya a zaure yana gyaran murya, sai ƙamshin turarensa ya riga shi shigowa.

"Ya muka ji da wannan abu? Kin san ni da Malam Amiru kamar wa da ƙane. Na riƙe masa ajin kar yara su yi asara. Allah ya bayyana gaskiya."

Na ce amin. Na ƙara cewa amin. Na uku sai da maƙwabta suka ji. Ya ajiye ledar ya ce ana jiransa.

Na yanka lemun na zuba wa akuya. Ta shinshina ta juya. Ita ma 'yar gidan ce.

Juma'a, bayan an sauko daga masallaci

Ɗan'auta ya bar ni na shiga, don darajar rana.

Yana zaune a ƙasa. Bai tashi ba, ni kuma ban tambaya ba. Rigar da ya fita da ita ce, wadda na yi wa guga. Ya ce na rame. Ni!

Na matsa kusa na raɗa masa sunan. Ya ce, "Na sani."

Ya sani. Tun ranar farko ya sani.

"To mi kake jira?"

"In na faɗa, shi zai zauna nan. Ɗiyansa ƙanana ne, Sadiƙa. Kuma ni na ba yarinya wayar. Ni ya kamata in yi tunani." Sai ya kama hannuna. "Kar ki yi komi. Ki ce a riƙa sauke wayar daga kan gora, hadari ya fara haɗuwa."

Gora. Yana nan a ƙasa yana tunanin gora.

A littattafai mutumin kirki irin wannan nake so. Na yi ta sa hannu a ƙirji ina cewa Allah ba ni irinsa. Ba wanda ya taɓa rubuta yadda matarsa ke ji a hanyar komawa gida da kwano a kai.

Asabar, da safe

Ɗiyansa ƙanana ne. Ɗiyansa ƙanana ne. Mu da ko ɗaya ba mu kai ga samu ba fa?

Lahadi, la'asar

Mutanen Tunga suna zaune a rumfunan bayan tasha. Na daɗe ina kewaye wurin, yau na shiga da ƙwaryar fura. Na ɗauka za a tofa mini yawu. Wata dai ta ja ɗanta daga hanyata, shi ke nan.

Kaka Bilki ta fi ƙanƙanta a fili. Ta haɗa duwatsu uku tana dafa ruwa, ba komai a ciki. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi ko matar wa ce.

"Zahra'u ta ba ni labarinki. Ke ce ta taga."

Na ce, "Kaka, ba shi ba ne."

"Ɗiyata, ni nac ce a ɗauka. Ni nat tona da hannuna ina dariya. Gerona tun na uwar mijina, bai taɓa ƙin tsira ba, na so ɗiyan dutse su gani. Amma an ce mani ɗaki guda za ya tsaya. Wa yak kai shi daji? Shi nike son sani kahin in mutu."

Zahra'u na zaune bayanta, rigar makaranta a jikinta. An ce ba ta cika magana ba yanzu. Babanta ba ya cikin waɗanda suka taho.

Na faɗa wa Kaka sunan. Ta daɗe tana tura kara a wuta. Ta ce, "Baki na iya faɗin kowa."

Litinin, azahar

Ɗan'auta ya ce bayan Juma'a za a kai Amiru gaba. Na ce gaba ina? Ya ce shi ma haka ya ji.

Litinin, bayan la'asar

Ina wanke kwanon abin ya faɗo mini.

Ranar da Safiyatu ta nuna mini shafin, a ƙasa cikin masu sharhi akwai ƙaramin hoton mace mai jan ɗigo a goshi. Ta yi dogon rubutu. Turancina na sakandare bai kai ba, na dai tsinci roƙo, na tsinci a cire. Ban kula ba, ina ta neman sunan Amiru.

Ta gani. Malama Sarita ta gani, kuma ita ba matar kowa ba ce a garin nan.

Alhamis ɗin nan Malam Usaini ya shirya taro. Ya gayyaci wakilin hakimi da shugaban 'yan sa-kai da mutanen Tunga, wai yaran Nepal za su yi musu jaje. Shi ne tafinta. Abin da ya so za ta ce, abin da ya so za a tambaye ta.

Sai dai ya manta abu ɗaya. Shekara guda mijina ya yi yana koya wa yaran nan su yi magana da bakinsu.

Na bar kwanon a ruwa na yi ta zagaya tsakar gida. Ban san ina dariya ba sai da akuya ta ɗago kai.

Talata, bayan azahar

Kaka ta turo mini Zahra'u. Na zaunar da ita a madafi, na dama mata fura da sukari mai yawa. Na ce tambaya ɗaya ce, gajera: wa ya sa bidiyon kakata a waje? Ta faɗe ta da Turanci tun ban rufe baki ba. Ta fi ni iyawa nesa. Muryar ce babu. Na ce ƙara. Na ce ɗaga kai. Na ce ki kalli malamar, kar ki kalle shi.

Ta ce, "Anti, Malam Amiru ya ce in tambaya?"

Na ce ta sha furarta.

Can ta ce, "Anti, in shi ne, mi za a yi mai?"

"Abin da anka yi ma malaminku."

Ta ajiye ludayi. Ta ce ba ta iyawa, mutane da yawa, kuma Malam Usaini ne ya saya mata takalmi bara.

Na ce, "Ki tuna babanki."

Sau ɗaya na faɗa. Ban ɗaga murya ba. Sau ɗaya.

Laraba, magariba

Ya ci rabi. Na sa masa man shanu.

Ya ce kar in yi komai. Ban yi komai ba. Tambaya ce kawai, kuma ba ni za ni yi ta ba.

Alhamis, da sassafe

Na sa atamfar lefena, mai ruwan goro. Na sa kwalli.

Alhamis, bayan azahar

Za ni rubuta duka.

Na tsaya a tagata. Manya a gaba kan kujeru, yara a baya, matan Tunga a ƙasa jikin bango. Malam Usaini cikin shadda fara, yana ta hawa da sauka, a gyara gora, a matso da majigi. Bango ya yi haske, ga su. Sun riƙe babbar takarda sun zana zangarniyar gero, ta fi kama da masara. Yara suka faɗi ƙa'ida tare, nan da can. Shi ma ya faɗa. Na ga bakinsa.

Ya yi jawabi. Ya ce kuskuren mutum ɗaya ba zai rushe alheri ba. Malama Sarita ta yi magana idonta jajir, ya fassara. Wakilin hakimi ya gyaɗa kai. Aka ce za a rufe da addu'a. Zahra'u ba ta motsa ba. Na riƙe ƙarfen taga har ya shiga tafina.

Sai Kaka Bilki ta ɗaga sandarta ta taɓa ƙafar yarinyar.

Ta miƙe. Ya ce, "Zauna, lokaci ya ƙure." Ba ta kalle shi ba. Ta yi tambayar, da ƙarfi, yadda muka yi a madafi.

Malamar ta ɗan karkata kai kamar mai mamakin a ce ba a sani ba. Ta yi magana a hankali. Na ji sunansa. Na sake jin sunansa.

Ya juyo da murmushi zai fassara. "Tana cewa..."

Ba wanda ya saurare shi. Duk yaran ajin sun juyo suna kallonsa, ba mai ƙiftawa. Shugaban 'yan sa-kai ya dubi yaran, ya dubi shi, ya ce wa Zahra'u, "Ke, mi tac ce?"

"Ta ce sau biyu tana roƙon Malam Usaini ya cire daga shafinsa. Bai amsa ba."

Ya tambayi wani yaro can baya. Haka. Ya tambayi wata. Haka.

Hular ba ta faɗi ba. Bai durƙusa ba. Ya dai miƙa hannu ya fizge waya daga majigi. Abu na ƙarshe da na gani a bango bakin malamar a buɗe, da yaran riƙe da geronsu, ba su san abin da suka yi ba.

Wata daga cikin matan Tunga ta fara wani irin kuka. Ni na taho gida. A hankali na taho, ina gaishe da kowa.

Alhamis, magariba

An karya gorar. Wakilin hakimi ya ce ba sauran haska bango a makarantar nan.

Ban yi nadama ba.

Juma'a, la'asar

Ɗan'auta ya kawo shi a babur, ya riƙe shi har ɗaki. Yana fita ya ce, "Matar Malam, a yafe mu." Na ce ya gaida gida.

Na ɗora ruwan zafi. Na yanka kazar da nake ajiya. Maƙwabtan da suka daina aiko yara ɗiban wuta duk sun zo barka. Kowa dama ya san ba zai aikata ba. Kowa.

Amiru na gida. Amiru na gida. Na rubuta ne don in gani da idona.

Asabar, hantsi

Ina shara wani abu ya faɗo ta kan katanga, tim, kusa da turmi. Na ukuna. Bangon ya naɗe, akwai tabon miya.

Na leƙa. Motar ɗaukar kaya ta nufi hanyar Isa, gado da katifa da randa a sama. Safiyatu a baya da ɗiyanta, ta ja mayafi har hanci. Ƙaramin na ɗaga wa kowa hannu.

Shi ba ya cikin motar.

Ban tambaya ba. Na san dai wa ke kai kwano yanzu: ba kowa.

Ban yi nadama ba.

Lahadi, bayan la'asar

An yi ruwan farko. Gari duka ya fita da sungumi. Kaka Bilki ta aiko a ce wa Malam tana gaishe shi, ta ji abin da take son ji. Ba ta da abin shukawa. Ya ce in ƙafar ta yarda zai shiga Maraɗi ya nemo musu iri, ko ba irin nasu ba.

Na kawo masa abinci. Ya daɗe yana kallon rufin makaranta ta ƙofa, inda ba komai yanzu. Ya ce ba a ga Zahra'u a aji ba tun ranar. Na ce miya na hucewa.

Ya ce, "Sadiƙa, wa ya koya mata tambayar?"

Na ce, "Kai ka koya musu Turanci."

Ya kalle ni. Ba faɗa, da ma faɗan ya yi. Ya ce, "Shekararta goma sha uku." Ya wanke hannu ya ci, ya cinye tas, ya ce Allah ya yi albarka. Ya kwanta ya juya fuska bango. Ina jin numfashinsa daga nan. A ɗakina yake yinsa, a kan gadona.

Na ɗauko na uku na buɗe shafin ƙarshe kawai. Maƙiyin ya faɗi, gari ya taru, aka ɗaga yarinyar sama, mata na ta guɗa har shafi ya ƙare.

Nan ba wadda ta yi mini guɗa. Na shiga madafi, na ja ƙyaure, na kama hancina na yi abata. A hankali, don kar in tashe shi.